Shekara goma ina cin jibin Ubangiji da amanar mamaci a wuyana

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in yarda in rubuta ta. Matata ta karanta, ta amince. Iyalan mutumin da na zalunta ma na nemi izininsu, suka ce ba laifi muddin ban kama suna ba. Don haka ba zan kama sunan kowa ba, har da na ikilisiyarmu, domin laifin da ke cikin labarin nan nawa ne.

An haife ni a Tudun Wada ta Jos a 1971. Mahaifina Bamaguje ne daga ƙasar Malumfashi. Yana saurayi ya karɓi bishara, kuma da ya ƙi zuba jinin kaza a tsafin gidansu, 'yan'uwansa suka hana shi rabonsa na gonar gado. Haka ya tattara 'yan komatsansa ya zo Jos aikin kuza. Ya kai ga zama mai awo, shi ke auna kuzar da mata suke wankowa daga rafi. Wata rana shugaban aikinsu ya ce ya riƙa rage musu kaɗan a ma'auni, ya ƙi, aka sallame shi. Daga nan gadi ya yi har ya rasu a 1994. Littafi Mai Tsarki nasa tsohuwar fassarar Hausa ce ta 1932, wani baduku ya yi masa bango da jar fata. Da sabuwar fassara ta fito a 1979 ya saya mana, shi kuwa ya ci gaba da tasa. Har yanzu ina ganinsa da asuba, ya rufa da bargo saboda sanyin Jos, ga fitilar ƙwai a gefe, yana bin layi da ɗan yatsa, leɓunansa suna motsi. Ran Lahadi da yamma yakan bi ƙungiyar Sabon Rai ta masu wa'azin bishara zuwa ƙauyuka, ya dawo ƙafa duk ƙura.

Ni kuwa a cikin majami'a na buɗe ido. Makarantar Lahadi, Boys' Brigade, ƙungiyar mawaƙa, ba wanda ban shiga ba. Na ci kyautar haddar ayoyi sau uku. An yi mini baftisma a watan Disambar 1987 a wani rafi bayan gari, ruwan kamar ƙanƙara, matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, suna tsaye a bakin gaɓa da tulu da caki suna waƙa, mahaifiyata a cikinsu tana hawaye. Da wani ya tambaye ni a ranar ko ni Kirista ne, da na yi mamakin tambayar. Ai ɗan wane ne ni. Abin da ban gane ba shi ne, mahaifina gonarsa da aikinsa ya bayar kafin a kira shi da sunan nan, ni kuwa tarar da shi na yi a gida kamar yadda na tarar da tabarma da randa. Ban taɓa rasa ko sisi ba saboda Yesu, kuma ba wanda ya taɓa zama da ni ya nuna mini cewa ranar tana zuwa.

Bayan rasuwar Baba na shiga kasuwar Katako, ɓangaren 'yan hatsi, ina yi wa wani Alhaji yaron shago. Mutum ne mai ƙarancin magana. Shi ya koya mini in tura hannu har tsakiyar buhu in ji ko masara ta bushe, in ciji ƙwaya in ji ƙararta, in gane wadda ƙwari suka fara shiga tun kafin a kwance baki. Cikin 'yan shekaru ya daina kirana yaro, ya koma ce mini ƙanena. Ni nake zuwa masa sayayya Mangu da Saminaka, ya damƙa mini kuɗi a leda ba shaida ba takarda, sai ɗan littafinsa da yake rubutawa da ajami. Da zan yi aure a 1998, shi ya biya mini kuɗin hayar shekara guda.

Ran Juma'a 7 ga Satumbar 2001, da gari ya rikice, ina cikin kasuwa. Alhaji ya tura ni bayan buhuna a cikin sito, ya kulle ƙofa ta waje, ya zauna a bakinta da carbinsa. Kwana biyu na yi a wurin, yana turo mini ruwa da ƙuli-ƙuli ta ƙarƙashin ƙofa. A rana ta uku ya sa mini hularsa, ya raka ni har inda sojoji suke. Na faɗi wannan ne domin mai karatu ya san ko wane ne na ci amanarsa.

Ran Laraba 26 ga Nuwambar 2008 ya ba ni naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kuɗin masara buhu 240, in sayo masa a kasuwar Mangu ran Juma'a, lokacin kaka ne, yana so ya yi ajiya. Ran Alhamis aka yi zaɓen ƙananan hukumomi. Kafin gari ya waye ran Juma'a 28 ga wata, rikici ya ɓarke a kan sakamakon Jos ta Arewa, hayaƙi ya turnuƙe ko'ina. Ɗaruruwan mutane suka mutu cikin kwana biyu, aka ƙona majami'u da masallatai da gidaje, aka ƙona Katako. Alhaji ya fita da safe duba shagonsa, bai dawo ba. Littafinsa ya ƙone tare da shagon. Kuɗin kuwa suna cikin ledarsu a ƙarƙashin katifata, kuma a duniya ba wanda ya san da su sai ni da shi.

Ba a ranar na yanke shawarar cinye su ba, kuma wannan ne abin da nake so matasa su lura da shi. Da aka sassauta dokar hana fita na ce bari ƙura ta lafa. Bayan sati uku na je ta'aziyya, na zauna a zaure da ƙaninsa, na yi kuka na gaske, kuɗin suna raina, na ce yau ba ranar maganar kuɗi ba ce. Da Kirsimeti ta zo, ba ciniki, na zari dubu talatin da niyyar in mayar. A watan Janairu gidan ƙanwata da aka ƙona a unguwar Nasarawa ta Jos ya faɗo mini, na ce ai su ma mutanensu sun ci mana. Kafin damina, na kama shago a wata sabuwar kasuwa ta ɓangarenmu, na cika shi da hatsi. Kowane mataki ɗan ƙarami ne, kowanne kuma da hujjarsa.

Garin ma ya taimaka mini. Bayan 2008, da rikicin Janairun 2010, da bama-baman jajibirin Kirsimeti na wannan shekarar a Unguwar Rukuba da Gada Biyu, Jos ta rabe. Kirista ya daina bin wasu tituna, Musulmi ya daina shiga wasu unguwanni, kowa ya buɗe kasuwarsa. Ba sai na ɓuya wa iyalan Alhaji ba, iyakar da aka shata a gari ta ɓoye ni. Ko an tambaye ni, amsa tana nan a shirye, wa zai shiga can yanzu?

Sai kuma na sami aya. A wani taron falkaswa, wato taron wa'azin farfaɗo da bangaskiya, wani baƙon mai wa'azi ya yi ta nanata abin da ke Karin Magana 13:22, cewa dukiyar mai zunubi ajiya ce domin adali, ya haɗa da yadda Isra'ilawa suka fito da zinariyar Masarawa. Jama'a suna ta ihun amin. Na fita daga taron nan kamar an sauke mini dutse. Mutumin da ya kwana biyu a bakin ƙofa yana tsaron raina, shi na sa a gurbin mai zunubi, ni na hau gurbin adali. Ban ɗora wa mai wa'azin laifina ba, ni na je da kunnen da ke neman irin wannan magana. Amma zan faɗa da babbar murya cewa wa'azin da kullum yake gaya wa mutum abin da zai samu, ba ya taɓa tambayarsa abin da ya riƙe na wani, yana kashe mutane suna zaune a benci.

A gidauniyar ginin majami'armu a 2009 na ba da dubu ɗari biyu. Aka kira sunana a lasifika, aka tafa, matan Zumunta suka yi guɗa. Shekara ta zagayo aka naɗa ni ma'aji, a 2012 aka zaɓe ni dattijon ikilisiya. Ushirina ba ya latti. A godiyar kaka buhu biyar nake kawowa, samari su ɗauko a kafaɗa ana rawa har gaban bagade. Na sayi mota, na sayi fili a hanyar Rayfield. Shekara goma cur ba wanda ya tambaye ni yadda yaron shago ya zama mai sito cikin wata shida a garin da kowa yake kukan asara. Sai dai a ce Ubangiji ya buɗe masa. Muna da idon ganin wanda ya makara sujada da wadda ɗankwalinta ya zame, amma kuɗi in sun shigo ta ƙofar majami'a ba a tambayarsu daga ina.

Akwai abu guda da har gobe in na tuna sai jikina ya yi sanyi. A 2014 wata yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙa ta yi ciki ba aure. Shekarunta ba su wuce 17 ba, marainiya ce, a hannun gwaggonta take. Muka zauna majalisar dattawa, na fi kowa zafi, na ce in ba a hore ta ba sauran za su lalace. Aka yanke mata horon wata shida, ba cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa don tunawa da mutuwar Yesu, ba waƙa, zama a bencin baya. Ni aka ba sanarwar. Na tsaya da babbar riga na karanta, ita kuma tana tsaye a gaban jama'a, ta sunkuyar da kai, tana murza bakin zanenta da yatsu har suka yi fari. A wannan Lahadin aka yi jibin Ubangiji. Ni na zaga da faranti, na wuce bencinta, na koma gaba na ci gurasa na sha ƙoƙo.

Kada a ɗauka ina jin azaba kullum a shekarun nan. Mafi yawan lokaci lafiya lau nake barci. Addu'ata dai ta canja ban lura ba. A gaban jama'a ina iya yin ta minti goma ba tuntuɓe, amma ni kaɗai a ɗaki ba na iya minti biyu shiru. Nakan kunna rediyo. Littafi kuma sai in an ba ni karatu a majami'a nake buɗe shi.

A watan Agustan 2018 motata ta lalace kusa da Terminus, ana yayyafi. Na bar ta wurin bakanike na tare keke. Muna tafiya direban yana ta kallona ta madubi. Da muka kai Gada Biyu ya gangara gefe, ya juyo, ya ce, "Baba, ba ka gane ni ba ko?" Babban ɗan Alhaji ne. Na bar shi yana ɗan shekara 15, mai ƙoƙari a makaranta, babansa kullum yana cewa likita zai zama. Ya riƙe hannuna da hannu biyu yana murna. Na tambaye shi karatu, ya ce ai tun shekarar ya bari, ƙanne shida ne a bayansa, ya yi dako, ya yi acaɓa, yanzu keken ma na wani ne, kullum yana kai balas. Ya faɗa ba tare da ƙorafi ba. Da zan sauka na miƙa masa naira ɗari biyu, ya janye hannu kamar na miƙa masa wuta. Ya ce, "Haba Baba, kai fa ƙanin babanmu ne. Hajiya kullum tana cewa a cikin abokan kasuwarsa kai kaɗai ka tako har gida ka yi mana gaisuwa. Wallahi ba zan karɓa ba."

Na tsaya a bakin titi ruwa yana dukana, kuɗin a hannuna, har keken ya ɓace.

Daga ranar barci ya ƙaurace mini. Sati uku ina kwana zaune. Abinci ya koma kamar ƙasa a bakina. Wata safiya na yanke jiki na faɗi a shago, aka kai ni asibiti, aka ce hawan jini ne, na kwana biyar. 'Yan'uwa suka yi ta zuwa da lemo da ayaba, suna addu'a suna tsauta wa maƙiya da masu hassada. Ina kwance ina amsa amin, na san ba wani maƙiyi.

Mahaifiyata tana wurina a lokacin, ta haura 80, idonta ya tafi. Da na dawo gida ta sa aka kira ni ɗakinta. Ta ce in ɗauko littafin Baba a cikin akwatinta in karanta mata Luka 19. Na karanta labarin Zakka, mai karɓar haraji, wanda ya hau itace don ya ga Yesu. Da na kai inda ya tsaya ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu, muryata ta sarƙe. Mama ta lalubo gwiwata ta dafa. Ta ce, "Ɗana, ni ban san abin da ka yi ba, ban kuma tambaye ka ba. Amma tun shekarar da aka ƙona Katako ban ƙara jin sunan Alhaji a bakinka ba, mutumin da da ba ka yini ba ka ambace shi ba. Ka lura sai da Zakka ya gama maganar kuɗi sannan Yesu ya ce yau ceto ya sauka a gidan nan." Ban iya ce mata komai ba. Na kifa kai a cinyarta, ni mai shekara 47, na yi kukan da rabona da shi tun ina yaro, na gaya mata duka.

A daren na gaya wa matata. Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Sannan ta ce, "Baban yara, ashe shekara goma da haram kake ciyar da mu?" Kwana huɗu ba ta yi mini magana ba. A na biyar ta ajiye mini takardun filin Rayfield a kan gado, ta ce ita da 'ya'yanta ba za su kwana a ɗakin da aka gina a kansa ba.

Na je wurin dattawa biyu da na fi yarda da su. Dukansu shawara ɗaya suka ba ni, kuma da kyakkyawar niyya. Suka ce in nemi yaron, in saya masa keke nasa na kansa, in riƙa aika wa gidan buhun shinkafa da Sallah, a matsayin taimako daga abokin babansu. Ba wanda zai ji, sunan ikilisiya ba zai ɓaci ba, su ma sun amfana. Wallahi shawarar ta yi mini daɗi. Har na fara tambayar kuɗin keke.

Allah ya sa kafin in saya na biya ta Bukuru wurin wani tsohon fasto da ya yi ritaya, abokin mahaifina. Na same shi a bayan gida yana ba kaji dusa. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sai ya ce, "Ɗana, kyauta daban, biyan bashi daban. In ka kai musu hakkinsu da sunan kyauta, za su durƙusa su yi maka godiya, ka ga ka ƙara sace musu wani abu ke nan. Ka ci kuɗinsu, kana so ka ci godiyarsu kuma?" Na ce, "Baba Fasto, in na faɗi gaskiya za su iya kai ni kotu, ko a tare ni a unguwar. A majami'a kuma na gama yawo." Ya ce haka ne, duk suna iya faruwa. Bai rage mini ko ɗaya ba.

Sannan ya tambaye ni ko na taɓa tunanin kalmar da Littafinmu na Hausa ya kira masu bin Yesu da ita. Almajirai. Ya ce mu 'yan birni mun raina kalmar saboda yaron da muke gani da roba a bakin titi, amma mu dubi abin da take nufi a wurin Bahaushe. Almajiri shi ne wanda ya bar ɗakin uwarsa ya bi malam, inda malam ya kwana nan zai kwana, in malam ya ce tashi sai ya tashi, ba ya zaɓar darasin da ya ga dama. Ya ce majami'u sun cika da 'yan kallo da masu biyan kuɗin ƙungiya, ga 'ya'yan gado irina da yawa, almajirai ne suka yi ƙaranci. Ya buɗe mini Matiyu 5:23-24, inda Yesu ya ce in kana miƙa baiko ga Allah ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a gaban bagade ka je ku shirya tukuna. Ya ce, "Malaminka ya ce tashi. Shekara goma kana zaune kana yi masa waƙa." Na san ayar tun ina Makarantar Lahadi, har kyauta na ci da ita. Ranar ce ta fara zama umarni a kunnena.

Ran wata Asabar a Nuwambar 2018 muka tafi, ni da Baba Fasto, ya ce ba zai bar ni ni kaɗai ba. Rabona da unguwar shekara goma. Tun daga bakin layi ƙafafuna suke rawa. Aka shimfiɗa mana tabarma a zauren nan dai, ƙanin Alhaji ya fito, babban ɗan ya zo, Hajiya ta zauna a bayan labule. Aka kawo ruwa a kofin silba, ban iya sha ba. Na zame daga tabarma na durƙusa a ƙasa, na faɗi ranar, na faɗi adadin kuɗin, na faɗi abin da na yi da su, na ce ban zo da wata hujja ba.

Shiru ya yi tsawo har ina jin kukan akuya a cikin gida. Yaron ya tashi ya fita, bai dube ni ba. Ƙanin Alhaji yana ta salati a hankali. Can Hajiya ta yi magana, muryarta ba ta ɗaga ba. Ta ce a shekarar farko ta sayar da keken ɗinkinta da kwanukan aurenta. Ta ce akwai daren da ta ɗora tukunyar ruwa a wuta don yara su ɗauka abinci ne har barci ya kwashe su. Ta ce 'yarta ta biyu an aurar da ita tana 15 domin a rage baki. Ta ce, "Duk lokacin nan ina sa maka albarka, ina cewa kai ne mai amana." Sannan ta ce, "Na ji abin da ka faɗa. Ban ce Allah ya isa ba. Ban kuma ce na yafe ba. Ku yi maganar kuɗin da kawunsu."

Na so a ce ta zage ni.

Ni na roƙa kada a lissafa da naira, domin naira ta 2008 ba ita ce ta 2018 ba. Masara ya aike ni saye, masara zan biya, buhu 240 a farashin ranar da na kawo kowane kashi, sannan in ɗora wani abu a kan ribar da na ci. Ƙanin Alhaji ya rubuta, muka sa hannu, Baba Fasto da limamin unguwar suka yi shaida. Ninki huɗu irin na Zakka ban da shi, ko na sayar da duk abin da na mallaka. Na sayar da mota da fili, suka biya buhu 180. Sauran 60 na riƙa kaiwa kaɗan-kaɗan. A 2020, shekarar korona, masara ta yi tsadar da ban taɓa gani ba, kowane buhu ya koma kamar biyu, zuciyata ta yi ta raɗa mini in nemi a koma lissafin naira. Matata ce ta hana. Muka cire yara biyu daga makarantar kuɗi muka mayar da su ta gwamnati, muka koma gida mai ɗaki biyu.

A majami'a na ajiye ma'aji da dattijo, na nemi a bar ni in yi magana a gaban jama'a. Wasu dattawa ba su so ba. Na tsaya daidai inda yarinyar nan ta tsaya, na faɗa. Aka sa ni horo na shekara guda. Bayan sujada wani ɗan'uwa ya tare ni a bakin ƙofa ya ce na kunyata Kirista a gaban Musulmi, wani ya ce ciwon ne ya taɓa mini kai. Mutanen da suke rige-rigen gaishe ni suka koma ɗaga hannu daga nesa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma cikin wata biyu mutum uku suka zo gidana da dare, ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da ya binne. Ɗaya gonar marayun wansa ce, ɗaya kuɗin ƙungiya, ɗaya kuma mace ce da yaro a wani gari da matarsa ba ta sani ba. Ban da abin ba su sai in raka su Bukuru.

Yarinyar ta daina zuwa majami'armu tun da daɗewa. Na neme ta har na same ta tana soya ƙosai a Farin Gada, ɗanta yana gefe da kayan makaranta. Na ce mata ranar da na karanta sanarwarta, zunubina ya fi nata nauyi, na roƙe ta gafara. Ta dube ni ta ce, "Baba, a wata shidan nan ba wanda ya zo ya tambaye ni ko na ci abinci." Ba ta ƙara komai ba. Yanzu takan zo gidanmu, ita da matata sun shaƙu, amma majami'a har yau ba ta koma ba, ni kuma ban matsa mata ba.

A bencin baya na koyi jin wa'azi. Can ne masu zuwa a makare suke zama, da mata masu goyo, da waɗanda ba su da kayan Lahadi. Ba a ganin mutum, ba abin da zai nuna wa kowa. Na koma buɗe littafin Baba da asuba. Mu biyar ne yanzu muke haɗuwa ran Talata da yamma a gidan Baba Fasto, mu karanta 'yan ayoyi kaɗan, sannan ya bi mu ɗaya-ɗaya da tambaya, wanda muka karanta makon jiya, me ka yi da shi? Tambayarsa ta kai har mudun da nake awo da shi, sai da na canja shi domin gindinsa a lotse yake. Har yanzu ina fama. Son a gan ni bai mutu ba, ranar da aka kira sabon ma'aji gaba aka tafa masa sai da na ji wani abu ya soke ni, na kai shi ran Talata na faɗa.

Mama ta rasu a ƙarshen 2020. Na gama biya a watan Maris na 2022. Ƙanin Alhaji ya ɗauko takardar ya yaga a gabana, ya ba ni hannu. An saya wa babban ɗan keke biyu nasa na kansa, ƙananan biyu suna makaranta, ɗaya tana karatun jinya. Shekarunsa na karatu da auren ƙanwarsa kuwa ba buhun da zai dawo da su, na sani, shi ma ya sani. Kusan shekara biyu ba ya amsa gaisuwata. Yanzu yana amsawa, amma bai ƙara ce mini Baba ba, Malam yake ce mini.

Hajiya har yau ba ta furta kalmar ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya. Ina zuwa gaishe ta kowace Sallah, in zauna a zaure, ta amsa daga bayan labule, ta tambayi iyali. Satin da ya wuce ƙanin Alhaji ya kira ni a waya, ya ce za a ɗaura wa yaron aure ran Asabar bayan azahar, kuma Hajiya ta ce a gaya mini. Matata ta auna shinkafa mudu goma za ta kai musu ran Alhamis. Ni kuma na kai tsohuwar rigata wurin mai guga.